Yadda ake zagaya Afirka da yara daga tsakar gida: dara, rini da kiɗan ƙwarya

Duk hutun makaranta nakan tara yaran gidanmu da na maƙwabta a nan Tudun Wadan Zariya, mu yi mako biyu muna sana'ar hannu da kiɗa da wasannin ƙasashen Afirka. Wani hutun su 12 ne, wani kuma su haura 20. Iyaye da malamai sun sha tambayata yadda nake tsara abin, shi ya sa na zauna na rubuta shi dalla-dalla.

Ƙa'ida ɗaya nake bi a kowane darasi: kada a fara da na nesa. A fara da abin da yaro ya sani a gidansu, sannan a nuna masa ɗan'uwan abin a wata ƙasa, a kuma faɗa masa sunan ƙasar da sunan mutanen da ke da shi. Kalmar "al'adun Afirka" kurum ba ta koya wa yaro komai. Nahiyar nan ƙasashe 54 ce, kuma abin da Bayarabe ke yi daban yake da na mutumin Mali ko na Zimbabuwe.

Shiri kafin yara su zo

Ki fara da iyaye. Ki bi gida-gida ki faɗi abin da za a yi, musamman batun kiɗa, domin akwai gidajen da ba sa so, kuma haƙƙinsu ne. Yaron da aka hana kiɗa sai ya zo ranar wasa da ranar rini, babu wanda zai ji an ware shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, tun daga ƙarfe 9 zuwa 11, kafin rana ta take kuma ba a taɓa lokacin Islamiyya ba. Ki lura da yanayi. Dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗawa, ƙyallen rini kan yi kwana biyu bai bushe ba. Hutun Disamba ya fi kyau ga rini, iskar hunturu kan busar da shi kafin azahar.

Kayan aiki kusan duk na gida ne: kiret ɗin ƙwai na kwali guda huɗu ko biyar, ƙwallayen tsamiya da aka tara bayan an dama kunu, sakaina, ƙwarya babba da ƙanana, daro, ludayi, kwali, almakashi, gashin kaza, da yadi biyu na alawayyo ko akoko. Yadin nan dole ya zama auduga zalla. Idan akwai roba a cikinsa rini ba zai kama ba, kuma a gwada tun a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada kafin a biya.

Ranar farko ku zana taswirar Afirka a ƙasa da tsinke, babba yadda yaro zai iya tsayawa a cikinta. A sa dutse a inda Zariya take. Duk ranar da aka yi wani abu na wata ƙasa, sai a ajiye alama a wurinta, yaro ɗaya ya taka daga dutsen Zariya zuwa can. Idan ruwa ya wanke taswirar a sake zanawa, maimaitawar ma karatu ce.

Wasan gurbi: daga dara zuwa oware

Kiret ɗin ƙwai gurbi 30 ne, layi 5 kowanne da gurbi 6. Haka dara take, babu ragi babu ƙari. Don haka ba sai an haƙa ƙasa ba, ko ana ruwa a shiga zaure a ci gaba.

Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya 12. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗaya guntayen kara, don kada su cakuɗe. Da farko ana jerawa ɗaya bayan ɗaya, kai ka sa ni in sa, kuma a lokacin jeri ba a yarda mutum ya haɗa uku a layi ba. Bayan an gama jeri sai a fara tafiya, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ba a tafiya a karkace. Wanda ya haɗa 'ya'yansa uku a layi ɗaya ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin wasansa. Huɗu a layi ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka kasa kai uku an cinye shi. Wasu unguwanni suna da ɗan bambanci a ƙa'ida, ku daidaita a kan ɗaya tun kafin a fara don gudun gardama.

Idan akwai dattijo a gidan, shi ya kamata ya koyar da wannan, ba ke ba. Surukina ne ke yi mana. Ranar da wata jikarsa mai shekara 9 ta fara cinye shi, ta tashi da gudu tana kiran uwarta, shi kuwa ya gyara hula ya ce, "Dawo nan, amarya, ai ba a ci a gudu. Zauna a sake." Ta dawo ta durƙusa ta ce, "To Baba Tsoho, amma wannan karon ni ce mai tsakuwa."

Sai rana ta biyu a wuce Gana. A yanke kiret a fitar da layi biyu masu gurbi shida-shida, gurbi 12 ke nan, a zuba ƙwallon tsamiya huɗu a kowanne, jimla 48. Mutanen Akan na Gana suna kiran wasan oware, Yarbawa suna kiran nasu ayo. Ga yadda ake yin na Gana:

Kowa layin da ke gabansa shi ne gidansa. Idan layi ya zo kanka, ka kwashe duk 'ya'yan da ke cikin gurbi ɗaya na gidanka, ka riƙa sa ɗaya-ɗaya a gurabun da ke biye, kana tafiya ta hannun dama har ka tsallaka gidan abokin wasanka ka zagayo. Idan ɗan ƙarshe ya faɗa a gurbin abokin wasa, kuma da shi 'ya'yan gurbin suka zama biyu ko uku, ka ci su. Sai ka duba gurbin da ke bayansa, in shi ma biyu ne ko uku ka kwashe, haka har ka iske wanda ba haka ba ko ka fita daga gidansa. Idan 'ya'yan da ka ɗauka sun kai 12 ko fiye, za su zagayo har inda ka ɗebo su, to wannan gurbin tsallake shi ake yi. Wanda ya fara tara 25 ya yi nasara.

Akwai ƙa'ida guda da nake so yara su riƙe fiye da sauran. Idan gidan abokin wasanka ya zama babu ko ɗa ɗaya, kuma kana da tafiyar da za ta kai masa, wajibi ne ka yi ta. Ba a barin mutum da yunwa don a cinye shi. Yara kan yi ƙorafi a kan wannan da farko, amma ki tsaya a kanta.

A nan ne ake kawo labarin fatake. Kakanninmu sun yi ta tafiya Gwanja fataucin goro, suna sauka a kasuwar Salaga, kuma har yau akwai zango-zango na Hausawa a Kumasi da Akara. Yaro ya ji cewa Gana ba baƙon wuri ba ne gare mu. Waɗanda suka ƙware kuma a ba su labarin bao na Zanzibar da gaɓar tekun Afirka ta Gabas, mai layi 4 da gurbi 32 da 'ya'ya 64. Ban ba da shawarar a koya wa ƙanana shi ba, ƙa'idojinsa suna da yawa. Idan kuna da maƙwabci Bayarabe, ko wani abokin arziki a Sabon Gari, ku gayyace shi ya nuna yadda suke yin ayo a garinsu. Ya fi duk bayanin da za ki yi.

Kada ki bar 'yan ƙasa da shekara huɗu kusa da ƙwallayen tsamiya. Suna sa su a hanci da baki.

Idan zama ya ishe su, a tashi a yi ampe, wasan 'yan matan Gana. Biyu ke fuskantar juna, su yi tsalle tare suna tafi, da sun diro kowacce ta miƙa ƙafa ɗaya gaba. Tun farko ɗaya ta zaɓi cewa ita ke ci in ƙafafun sun fito ta gefe ɗaya, ɗayar kuma in sun saɓa. A ƙirga zuwa goma. Yaran da suka saba da gaɗa da langa cikin minti biyar suke kama shi.

Rinin laka na Mali

Wannan shi ne aikin da na fi so, kuma shi ya fi cin lokaci. Mutanen Bambara na Mali suna yin wani zane da suke kira bogolanfini. Sukan jiƙa farin saƙi a ruwan ganyen wata bishiya har ya yi rawaya, su shanya, sannan su yi zane a kansa da laka da aka ɗebo daga gindin kogi aka ajiye a tukunya ta daɗe tana ruɓa. Idan laka ta bushe aka wanke, duk inda ta taɓa ya zama baƙi. Bishiyar da suke amfani da ganyenta kuwa ba wata ba ce, marke ne, wanda muke da shi a dajinmu. Ƙarfen da ke cikin laka ne ke haɗuwa da baurin ganyen ya ba da baƙi. Dukawanmu ma sun san wannan sirrin, da bagaruwa ake jeme fata, da kuloko na ƙarfe ake baƙanta ta.

Mako biyu kafin ranar aiki, a ɗebo baƙar laka daga fadama ko bakin kududdufi. Babba ne zai ɗebo, ba yara ba. A tace ta da tsohon rariya a fitar da tsakuwa da ciyawa, a zuba a tukunyar ƙasa da ɗan ruwa. Da yake ba mu da watanni na jira, sai a jefa tsoffin ƙusoshi masu tsatsa kamar cikin hannu ɗaya, a matsa lemun tsami uku ko huɗu, a rufe. A riƙa motsawa bayan kwana biyu-biyu. Ranar aiki babba ya tsame ƙusoshin duka kafin yara su matso.

Ana gobe aiki, a tafasa ganyen marke mai yawa a tukunyar da ba ta girki ba, har ruwan ya yi duhu kamar shayi mai kauri. Idan marke ya yi wuya, bagaruwa ta wadatar, ana samunta wurin masu kayan ƙoli, a daka ta a jiƙa ta kwana. A wanke yadin da sabulu don sitatin kamfani ya fita, a yayyanka shi kamar girman hankici, a tsoma a ruwan ganyen bayan ya huce, a bar shi awa ɗaya, a shanya. A maimaita sau biyu ko uku. Yawan tsomawa shi ne ƙarfin baƙin da za a samu.

Ranar aiki kowane yaro ya shimfiɗa ƙyallensa a kan kwali, ya fara zana abin da yake so da gawayi a hankali: layi, ɗigo, zikzak, murabba'i. Laka ta zama kamar kaurin koko. Da tsinke ko tsohon buroshin haƙori ake shafawa, a danna sosai ta shiga zaren. A shanya a rana har ta bushe ƙarau, a kakkaɓe, a ɗauraye da ruwa zalla ba sabulu. Shafin farko toka-toka yake fitowa, kuma a nan ne yara kan karaya. Ki faɗa musu tun da wuri cewa sai an yi sau biyu ko uku. A sake tsomawa a ruwan ganye, a shanya, a sake bin zanen da laka.

Shekarar da na fara, wani mai shago ya sayar mini da yadi ya rantse auduga ne. Yara suka yi kwana uku suna aiki, da aka wanke komai ya zube, ƙyalle ya koma fari. Wata yarinya ta riƙe nata tana hawaye ta ce, "Anti, ni ce ban iya ba?" Tun daga ranar nake ƙona ɗan zare kafin in saya. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi da warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule.

Idan an gama, a ɗauko musu zancen rininmu na baba, da marinar Ƙofar Mata a Kano, da adire na matan Abekuta waɗanda ke ɗaure zane da zare ko su shafa masa kullun rogo kafin su tsoma a shuni.

Hatimin sakaina da zanen bango

A garin Ntonso kusa da Kumasi ana sassaƙa alamomin adinkra a jikin guntun ƙwarya, a tsoma a baƙin rini a buga a zane. Mu sakaina muke ce wa guntun nan, kuma babu gidan da ba ta. Babba ya zana alama a kanta ya sassaƙe da aska, ya kafa mata tsinke uku a baya a ɗaure su wuri ɗaya su zama mariƙi. Ga ƙanana dankalin Hausa da aka raba biyu ya fi sauƙi. Alama biyu sun isa: duafe, wato matajin katako na mata, da sankofa mai kama da zuciya, wadda ke nufin a koma baya a ɗauko abin da aka bari. A sassaƙa dagi ma a buga kusa da su. Tawadar allo ta ƙaro da gawayi tana aiki sosai a kan takarda.

Zanen bango kuwa, Zariya ba ta buƙatar aro. Ki fita da yaran cikin birni su ga gidajen da aka yi wa ado a fuska, su ga ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ki ba su labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu. Da kun dawo sai ki nuna musu hoton gidajen Ndebele na Afirka ta Kudu, inda mata ke zana bango da launuka masu haske a kewaye su da baƙin layi. Shahararriyarsu, Esther Mahlangu, da gashin kaza take jan layi ba tare da ma'auni ba, kuma a 1991 kamfanin BMW ya ba ta mota ta zane ta. A ba kowane yaro kwali da gashin kaza, rabi ya yi irin na Zazzau, rabi irin na Ndebele.

Manyan yara su san cewa a garin nan ne, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiya don mayar da zanen gargajiya cikin aikinsu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo.

Abu ɗaya ne ba na yi: ba na sa yara su ƙera fuskar dodo ta wata ƙabila. A wurin masu ita ba abin wasa ba ce, tana haɗe da abin da suka yi imani da shi, kuma iyayen yaranmu ma ba za su so ba.

Kiɗa

A cika daro da ruwa zuwa rabi, a kifa ƙwarya a kai ta yi iyo, a buga da ludayi. Wannan kiɗan ƙwarya ne irin na matanmu a biki, kuma sautinsa mai zurfi yakan ba yara mamaki. Ƙananan ƙwarya a kifa su a kan tabarma a buga da tsinke. Caki kuma a zuba tsakuwa a ƙaramin gora a toshe. Daga nan a nuna musu shekere na Yarbawa, wanda duwatsunsa a waje suke, a jikin raga da aka saƙa aka lulluɓe goran.

Ga darasin da ya fi amfani. A raba yara gida biyu, kowa yana ƙirga ɗaya zuwa shida a bayyane, ana maimaitawa. Rukunin farko ya yi tafi a kan 1 da 3 da 5. Na biyu ya yi a kan 1 da 4. Kowane rukuni ya fara yin nasa shi kaɗai har ya zauna, sannan a haɗa a hankali. Za su rikice sau da yawa, kada ki gaggauta. Idan ya kama, uku na tafiya a kan biyu, sai a daina ƙirgawa a mayar da rukuni ɗaya kan ƙwaryar ruwa, ɗaya kan caki. Wannan saɓanin bugun yana cikin kaɗe-kaɗe da yawa na Afirka ta Yamma, kuma yaron da ya iya shi zai riƙa jin sa a kalangu da ganga.

Ga 'yan shekara 10 zuwa sama, a ƙera ƙaramin mbira na mutanen Shona na Zimbabuwe. Na ainihi yana da harsunan ƙarfe 22 zuwa 28, ana sa shi cikin babbar ƙwarya don sauti ya ƙaru, kuma a 2020 hukumar UNESCO ta sa fasahar ƙera shi da kaɗa shi cikin gadon al'adun duniya. Namu harshe biyar ya isa. A samo katako mai faɗin tafin hannun babba, da tsoffin wayoyin ƙafar keke daga wurin mai gyara. A kai wa maƙeri ya yanka su tsawo daban-daban, ya daddale kan kowanne, ya goge kaifin. A kwantar da gajeren ƙarfe biyu a gicciye a kan katakon, tazarar yatsa biyu tsakaninsu, a jera harsunan a kansu. Sai a ɗora ƙarfe na uku a sama, a tsakanin biyun, a ɗaure shi da waya ta hudojin da aka yi a katakon, a murɗe ta baya har ya danne harsunan gam. Da manyan yatsu ake kaɗawa. Harshen da aka jawo ya yi tsawo muryarsa ƙasa take, wanda aka tura ya gajarta muryarsa sama. A bar yaro ya daidaita da kunnensa, sannan ya sa shi cikin ƙwarya ya ji bambanci.

Ranar ƙarshe a gayyaci iyaye bayan la'asar. A rataye ƙyallayen a igiyar shanya, kowanne da sunan mai shi da sunan ƙasar, a yi gasar oware tsakanin yara da iyayensu. Idan magariba ta wuce, wata kaka ta buɗe da "ga ta nan ga ta nanku" ta ba da ta Gizo da Ƙoƙi, ke kuma ki biyo da labarin Ananse, gizo-gizon tatsuniyar mutanen Akan, wanda shi ma wayo da haɗama ke jefa shi cikin wahala. Ragowar laka kada a zubar. A ƙara mata ruwa a rufe tukunyar a ajiye a inuwa, zuwa hutu mai zuwa baƙinta zai fi na bana.